Kati, Ɗan Katin Kyauta da Kundin Hotuna: Tambayoyin Masu Aikin Takarda da Hannu

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga bakin masu koyon haɗa kati da hannu, da masu yin 'yan katunan da ake ratayawa a jikin kayan rabon biki, da masu son tattara hotunan gida a kundi. An faro daga na sabon shiga, an gangara zuwa na waɗanda hannunsu ya fara faɗawa.

Da me zan fara? Sai na sayi kayan aiki masu tsada?

A'a. Abubuwa shida sun isa: almakashi mai kaifi, wuƙar yankan takarda irin wadda ake ɓalle bakinta idan ya dakushe, rula ta ƙarfe, fensir, gam, da abin shimfiɗawa a ƙasa don kada a yanke tebur. Rular roba ba ta daɗewa, domin wuƙa tana cin gefenta, daga nan duk layin da aka yanka da ita a karkace zai fito. Akwai koren faifan roba da ake sayarwa don yanka a kai. Kafin a same shi, kwali mai kauri da aka baje ya wadatar, sai dai a canja shi idan ya cika zane.

Almakashin kuwa a ɓoye shi. Wanda aka yanka leda da shi yau, gobe igiyar shanya, jibi farce, ba zai ƙara ba da yanka mai tsabta ba. Masu farawa sukan ƙarar da kuɗinsu a kan ƙyalli da duwatsun ado da kintinkiri kala-kala, su bar wuƙa da rula. Alhali abin da ido yake fara kamawa a jikin kati shi ne ko gefensa a miƙe yake, ko ninkinsa ya zauna, ko gam ya ɓullo. Idan waɗannan uku suka gyaru, farin kati da layi ɗaya na rubutu ma ya isa a miƙa wa mutum.

Wace takarda ce ta dace? Me lambobin da ke jikin ƙunshinta suke nufi?

Lambar da ake rubutawa da gsm tana nuna nauyin takardar ne: giram nawa faɗin murabba'in mita ɗaya yake da shi. Takardar fotokwafi 80 ce, wato falle ɗaya na A4 giram 5 ke nan. Ba ta iya tsayuwa da kanta, don haka aikinta shi ne fallen ciki da ambulan. Daga 120 zuwa 160 ana yin furanni da shimfiɗar ado. Jikin kati, wanda ake so ya tsaya a kan tebur, yana son 220 zuwa 300. Ɗan katin rataya ma kada ya gaza 250, in ba haka ba igiyar za ta yaga ramin.

Bayan nauyi sai fuska. Kati mai sheƙi yana da kyau a wajen masu ɗab'i, amma biro da maka ba sa bushewa a kansa da wuri, gam ma yana zamewa. Wanda zai yi rubutu da hannu ya nemi mara sheƙi. Sannan a duba gefen katin mai launi kafin a saya: wani launinsa a fuska kawai yake, cikinsa fari ne, duk inda aka yanka ko aka ninka sai farin ya leƙo. A kan baƙi da shuɗi mai duhu abin ya fi muni. Kwalin da yara suke saya don aikin makaranta yana da araha, ya dace da koyo, amma rana tana kwashe launinsa cikin ɗan lokaci, kuma ba ya shiga kundin hotuna (dalilin yana cikin amsar da ta shafi jan da hotuna suke yi).

Wane girma zan yi wa kati?

A nemi ambulan tukuna, sannan a yanka kati. Da yawa sun gama kati mai kyau, suka zagaye shaguna ba su sami ambulan da zai ɗauke shi ba. A4 santimita 21 ne da 29.7. Idan aka raba shi biyu an sami A5, wato 14.8 da 21. Aka ninka A5, an sami kati mai girman A6, wato 10.5 da 14.8, wanda yake shiga ambulan C6 mai 11.4 da 16.2. Ke nan falle ɗaya na A4 yana ba da kati biyu ba tare da asarar komai ba. Mai son babba ya ninka A4 ɗin gaba ɗaya, ya sa a C5. Dogon ambulan na ofis, wanda ake kira DL, 11 ne da 22, kuma ya dace da katin gayyata mai falle ɗaya.

Idan adon yana da tudu, a rage wa katin milimita uku zuwa biyar ta kowane gefe. Idan kuma girman ya saɓa wa na kasuwa, a warware tsohon ambulan a hankali, a ɗauki fasalinsa, a faɗaɗa.

Me ya sa ninkina yake fashewa, ya yi kaca-kaca?

Abu biyu ne. Na farko, ba a ja masa hanya ba. Kati mai kauri ba a ninka shi kai tsaye. Ana ɗora rula a inda ninkin zai bi, a ja layi da biron da tawadarsa ta ƙare ko bayan wuƙar cin abinci, a danna har ya yi ɗan kwari, amma kada ya yanke. Sannan a ninka ta yadda kwarin zai kasance a waje, tudun a ciki. Hankali yakan ba mutum akasin haka, amma haka masu ɗab'i suke yi, domin ta nan ne fuskar katin take samun wurin miƙewa. A ƙarshe a goge ninkin da bayan cokali, da farar takarda a tsakani don kada ya bar sheƙi.

Na biyu, takardar inji tana da jijiya: zaruruwan cikinta galibi sun kwanta ne ta fuska guda. A ɗauki falle a lanƙwasa shi kaɗan ta tsawo, sannan ta faɗi, ba tare da an ninka ba. Ɓangaren da ya bi da sauƙi, nan jijiyar take. Ninkin da ya bi ta yana fita sumul, wanda ya gitta ta shi ne mai fashewa. A lokacin hunturu, da takarda take bushewa ƙarau, bambancin ya fi fitowa.

Wane gam ne ya fi?

Babu guda ɗaya da ya fi, kowanne da inda yake aiki. Farin gam na ruwa, irin Top Bond da kafintoci suke amfani da shi, yana riƙewa sosai kuma yana bushewa garau, amma ruwan cikinsa yana kumbura takarda mara kauri ta yi tamoji. Maganinsa a sa kaɗan: a ɗiga a kan murfin roba, a riƙa ɗauka da tsinken sakace ko a shafa da guntun kwali. Gam mai kama da jan-baki ba ya jiƙa takarda, ya dace da fallen ciki, sai dai a kan abu mai nauyi yakan saki bayan wani lokaci. Salatif mai fuska biyu shi ne mafi tsabta wajen ɗora kati a kan kati, illarsa ba ya ba da damar gyara: inda ya sauka nan ya zauna. Akwai kuma mai soso a tsakiya, wanda yake ɗaga ado sama ya yi inuwa.

Gam na kyandir da ake narkawa da bindiga na fure ne da kintinkiri da duwatsu, ba na takarda da takarda ba, domin yana barin tudu da zare-zare. Kuma idan aka bar kayan a cikin motar da ta sha rana yana iya laushi, adon ya zame. Sufa-gulu kuwa a raba shi da takarda: yana ratsa ta, ya bar tabo, ya sa wurin ya yi tauri ya karye. Salatif na gama-gari ma kada ya taɓa abin da ake so ya daɗe. Duk wanda ya buɗe tsohon littafin da aka liƙe da shi ya ga jan tabon da yake bari bayan ledar ta faɗi.

Ƙaro ko kokon sitaci za su iya maye gurbin gam?

Za su iya, a wasu wurare ma sun fi. Ƙaro, wanda ake samu a jikin ɗakwara a Yobe da Borno da Jigawa da ƙasar Sudan, shi ne tsohon gam ɗin bayan kan sarki da bakin ambulan, wanda ake lasa ya kama. A jiƙa shi ya kwana, a tace, a shafa a bakin ambulan ɗin da aka yi da hannu, a bari ya bushe. Mai aikawa ya ɗan jiƙa wurin ya rufe. Amma wannan halin nasa shi ne rauninsa: damshi yana sake narkar da shi, bushewa kuma tana sa shi ƙarau. Ba ya riƙe abu mai nauyi.

Kokon sitaci kuwa, masu gyaran tsofaffin littattafai a ɗakunan adana tarihi na alkama suke amfani da shi, saboda ko bayan shekaru ana iya jiƙa shi a cire ba tare da an yaga takarda ba. Na rogo ma yana yi. A dama cokali ɗaya a ruwa cokali biyar, a ɗora a wuta kaɗan ana juyawa har ya yi garau, a bari ya huce. A yi daidai na rana ɗaya ko biyu, domin yana tsami. Kuma abinci ne ga kyankyasai da sauran ƙwari, don haka a duba amsar ajiya da ke ƙasa.

Katina ya lanƙwashe bayan ya bushe. Akwai gyara?

Akwai. Fuskar da ta sha gam ko fenti ta kumbura, ta bushe ta tsuke, ta ja ɗayar. A sa shi tsakanin fararen takardu biyu, a ɗora littattafai masu nauyi ya kwana. Gaba kuma a danne shi tun yana da ɗanye, kada a shanya a rana. Da damina a ba gam ninkin lokacin da aka saba ba shi, kuma kada a sa kati a leda sai ya bushe sarai, in ba haka ba zai yi fumfuna.

Ai wannan al'adar Turawa ce. Mu ina ruwanmu da ita?

Aika kati ta gidan waya daga can ya zo. Katin Kirsimeti na farko da aka buga don sayarwa, Henry Cole ne ya sa aka yi a Landan a 1843, kwafi dubu, shekara uku bayan an sauƙaƙa kuɗin aika wasiƙa a Ingila zuwa peni ɗaya. Kundin hotuna mai ado a sigarsa ta yau kuma ya bunƙasa ne a jihar Utah ta Amurka a shekarun 1980.

Amma ƙawata takarda da hannu ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Marubuta Alƙur'ani sun daɗe suna zana alamun hizbi da rubu'i da sumuni da tawada baƙa da ja da rawaya, suna cika shafi guda da zayyana, a kan takardar da a da fatake suke kawowa daga Italiya ta Tarabulus da Masar, mai alamar jinjirin wata uku da ake gani idan an ɗaga ta ga haske. Allon zayyana na mai sauka ma daga wannan gidan ya fito. Mai neman fasalin da zai bambanta katinsa da na intanet, ga shi nan a kusa: murabba'ai masu shiga juna, da dagi, da zanen bangon gidajen Zariya da Kano da Damagaram, da aska takwas na wuyan babbar riga.

Yaya zan tsara ado kada ya yi hayaniya?

A zaɓi abu guda da ido zai fara sauka a kai, ko fure, ko suna, ko dagi, sauran su yi masa hidima. Launi uku sun isa: ɗaya mai yawa, ɗaya matsakaici, ɗaya ɗan ɗigo. Dabarar da take sa kati ya yi kama da na gwani ita ce shimfiɗa hawa-hawa. A fuskar A6, a yanka falle mai launi 10 da 14.3, a ɗora wani 9.5 da 13.8 a kansa. Siririn layin da yake zagaye kowane hawa shi yake ba katin natsuwa. A jera komai a kai ba gam, a ɗauki hoto da waya a duba. Abin da ya karkace ya fi fitowa a hoto fiye da a ido.

Ƙyallayen da tela yake zubarwa dukiya ne a nan. Guntun atamfa ko shadda ko leshi, musamman na ankon bikin, yana ɗaure katin da bikin fiye da duk wani fure na kanti. A goge shi, a manna a kan takarda da salatif mai fuska biyu, sannan a yanka su tare. Haka zare ba zai warware ba, gam kuma ba zai ratso ya yi tabo ba. Shadda mai maiƙo ta fi saurin nuna tabon, a kula da ita.

Furannin da ake naɗawa da siraran takardu, yaya ake yinsu?

A yanka takarda mai nauyin 120 zirin-zirin, faɗin milimita 3 ko 5, tsawon A4. A naɗe ziri a jikin tsinken sakace, a zare, a bar shi ya ɗan saki, a liƙe bakin da ɗigon farin gam. Da'irar da aka samu ita ce uwa: a matse gefe ɗaya ta zama ganyen fure, a matse biyu ta zama ido, a matse huɗu ta zama murabba'i. Don su fito girma ɗaya, a riƙa sake su a cikin ramin abu guda, kamar murfin kwalba ko ramukan rular lissafi. Wajen mannawa, a tsoma gindin a gam maimakon a shafa gam a jikin katin. Aiki ne mai cin lokaci ƙwarai, don haka a karanta amsar farashi kafin a karɓi guda ɗari.

In rubuta da hannu ne ko in buga? Me ya sa ƙ da ɗ da ɓ suke ɓacewa?

Kati ɗaya zuwa goma, hannu ya fi daraja. A ja layi mara nauyi da fensir, a rubuta, a jira tawada ta bushe sarai kafin a goge. A rubuta a wani falle daban sannan a manna, don kuskuren harafi ɗaya kada ya kashe katin gaba ɗaya. Mai hannun ajami ya gwada alƙalamin kara da tawadar gida a kan kati mara sheƙi, abin yana fita ƙwarai. Idan yawa ne sai bugu. Firinta mai tawadar ruwa tana ba da launi mai kyau amma ɗigon ruwa yana ɓata rubutun. Mai garin tawada ba ta jin ruwa, sai dai bugunta yana tsagewa a kan ninki, don haka kada rubutu ko launi ya hau layin. Yawancin firintocin gida ba sa jan kati mai kauri sosai. A buga a falle mai sauƙi a ɗora a kan mai kauri.

Haruffa masu lanƙwasa kuwa, yawancin salon rubutun ado da ake saukewa ba a zana su a ciki ba. Kwamfuta sai ta sa akwati a gurbinsu, ko ta aro harafin daga wani salo ya fito bare a tsakiyar kalma. Kafin a zaɓi salo, a rubuta "ɗaurin aure" da "ƙanwa" da "ɓangare" a gani. Noto na Google, da Charis da Andika da Gentium na ƙungiyar SIL, duk suna da su, har da ƴ da ake rubutawa a Nijar. Idan an nace sai salon ado, a buga da k da d da b, a ƙara lanƙwasar da siririn alƙalami. Barinsu haka ba daidai ba ne: katin da ya ce "daurin aure" bai gama aikinsa ba.

Zan iya sa aya ko Bismillah a kan kati?

Hukuncin na malamai ne, amma mai sana'a ya san inda aikinsa yake ƙarewa. Ɗan katin da aka rataya a jikin bokitin rabo, kafin a watse daga walima yana ƙasa ana takawa. Saboda haka masu lura da yawa ba sa sa aya ko sunan Allah a kan irinsa. Sunan ango da amarya da kwanan wata da "Mun gode" sun wadatar. Katin taya murnar sauka, wanda za a sa a gilashi a rataye, wannan daban ne. Idan mai aikin ya nemi aya, a kwafo ta daga Mus'hafi, a ba wanda ya sani ya duba wasulla kafin a buga, domin wasu manhajoji suna rarraba haruffan Larabci ko su juya su baibai.

A kan kwanan wata: katin Sallah kada a sa masa rana, tunda sai an ga wata. Shekarar Hijira ta isa. Katin biki kuma idan za a haɗa Hijira da Miladiyya, a tabbatar da ta Hijira bayan watan ya tsaya.

An ba ni 'yan katunan rataya ɗari biyu na kayan rabo. Ta ina zan kama?

Girman santimita 5 da 9 ya dace da yawancin kaya, kuma A4 ɗaya yana ba da 12: huɗu a jere, layi uku. Ɗari biyu falle 17 ke nan, a sayi 19 ko 20 saboda ɓarna. A yi guda ɗaya cikakke, a tura hotonsa ga mai biki, ta amince a rubuce da sunaye da rana. Sunan da ake rubutawa iri biyu ko uku, kamar Aisha da A'isha da Aishatu, a tambaya, kada a zaɓa mata.

Sannan kada a gama ɗaya a koma ɗaya. A yi bugu duka, yanka duka, huda duka, zura igiya duka. Ramin ya yi nisan santimita ɗaya daga baki. Don kusurwoyin sama su daidaita, a yanke kusurwa ɗaya, a juya guntun da ya faɗo a ɗora a ɗaya gefen a bi shi. Igiya kuma a naɗe ta a jikin kwali mai faɗin santimita 12 sau adadin da ake so, a yanke ta gefe ɗaya, duk su fito tsawo ɗaya. Wannan katin na yini guda ne, ba ya buƙatar takarda mai tsada. Tsadar a ajiye ta don kundi.

Mene ne bambancin kundin hotuna da albam, kuma yaya ake tsara shafi?

Albam hotuna ne kawai a jere. Kundi kuwa kowane shafi labari ne: hoto, da rubutun da ya ce su wane ne, a ina, yaushe, da ɗan abin da ya rage daga ranar, kamar katin gayyata ko ƙyallen anko. A Amurka shafin inci 12 da 12 ne, kusan santimita 30 da rabi, amma fayil mai zobe na A4 da ledojinsa ya fi sauƙin samu, kuma ana iya ƙara shafi a tsakiya.

Shafi ɗaya, al'amari ɗaya. A zaɓi babban hoto guda da ƙanana biyu ko uku, a yi musu shimfiɗa kamar yadda aka bayyana a amsar ado, a bar wurin rubutu tun farko. Rubutun nan shi ne abin da aka fi yi wa rowa, kuma shi jikoki za su fi nema. "Ranar suna" bai isa ba. A rubuta cikakken sunan jaririn da wanda aka yi wa takwara, da unguwar, da sunan tsohuwar da take riƙe da shi a hoton. Yau kowa ya san ta. Nan da shekara arba'in za a yi ta miƙa hoton hannu-hannu ana tambaya. Idan akwai dattijai a gida, a kai musu tsofaffin hotuna yanzu, a zauna da fensir.

Me ya sa hotuna da takardu suke yin ja, kuma yaya zan hana?

Takarda mai araha, musamman ta jarida, tana ɗauke da wani sinadarin itace da ake kira lignin. Haske da iska suna sa shi ya yi ja, takardar ta yi tsami ta riƙa karyewa, tsamin kuma yana tsallakawa zuwa abin da yake manne da ita. Don haka shafin kundi a nemi takardar da aka rubuta a ƙunshinta cewa ba ta da asid. Yankin jarida a yi fotokwafinsa a sa kwafin. Ledar shafi kuma a guji mai ƙarfin warin roba, wato PVC. Mai suna polypropylene ita ce lafiyayya.

Hoton da ba shi da na biyu ba a sa masa gam, ba a yanka shi, ba a yi masa laminatin, domin laminatin ba ya ciruwa. A yi masa 'yan aljihunan kusurwa huɗu da takarda, a zura shi. Gara ma a ɗauki sikan ɗinsa, a wanko sabo a yi ado da shi, asalin a adana. Bayan hoto da fensir mai laushi ake rubutu, ba biro ba. Rasit na inji da katin shiga jirgi, irin wanda alhazai suke son ajiyewa, takardar zafi ce: rubutunta yana gogewa da kansa, idan kuma aka sa ta a injin laminatin sai ta koma baƙa ƙirin. A kwafe ta tun tana karantuwa.

A ina zan ajiye takardu da kundi?

A cikin akwatin roba mai murfi, sama da ƙasa, nesa da bango da taga. Gara ta bango da daɓe take biyowa, ƙurar hunturu kuma tana shiga ko'ina. A jefa 'yan ƙunshin tsotse damshi da ake samu a kwalin sabon takalmi. Fallayen da ba a yanka ba a kwance ake ajiye su, kundi kuma a tsaye, don nauyi kada ya danne adon. A riƙa buɗewa ana dubawa, musamman a watan Agusta.

Da gaske ana iya yin takardar ma a gida?

Ana yi, kuma hanyar ba ta yi nisa da wadda ake jingina wa Cai Lun na ƙasar Sin a shekara ta 105 Miladiyya ba. A yayyaga ragowar takardu a jiƙa su kwana, a markaɗa a bilenda ko a kirɓa a turmi, a zuba a baho mai ruwa da yawa. A ɗaure ragar taga a jikin firam na katako, a nutsa, a ɗago a kwance ana ɗan girgizawa. A kife a kan tsumma, a tsotse ruwan da soso, a ɗaga ragar, a danne, a shanya a inuwa, a bi da dutsen guga. A zuba ɗan kokon sitaci a bahon, in ba haka ba tawada za ta riƙa nashewa. Ruwan shayi ko na lalle yana ba ta launin ƙasa mai kyau. Zoɓo da kurkum suna burgewa a ranar farko amma haske yana kwashe su. Irin wannan takarda ta 'yan katunan rataya ce da ado, ba ta kusa da hotuna ba.

In sayi injin yanka irin Cricut?

Sai in aikin da ake samu ya riga ya fi ƙarfin hannu. Cricut da Silhouette suna yanka sunaye da zane mai sarƙaƙiya da hannu ba zai iya ba, amma suna son wuta da kwamfuta ko waya, baki da faifansu kuma suna ƙarewa, sai an sake saya. Akwai na juyawa da hannu, irin Sizzix, wanda ba ruwansa da wuta, amma kowane fasali sai an sayi ƙarfensa. Yankan miƙe mai yawa kuwa ba ya buƙatar ko ɗaya: a kai wa masu ɗab'i, injinsu ya sare ɗaruruwa a lokaci guda. A wajensu ma ake samun ragowar kati mai kyau da araha.

Yaya zan sa farashi, kuma yaya zan aika kayan?

A haɗa kuɗin takarda da gam da ado da ambulan da leda, da kuɗin mota zuwa kasuwa, a ƙara kashi ɗaya cikin goma na ɓarna. Sannan a duba agogo a yi guda ɗaya, a ga minti nawa ya ci, a sa wa lokacin kuɗi. Nan ne aka fi faɗuwa: katin da kayansa ba su taka kara sun karya ba yana iya cin awa biyu. Ba a gasar araha da masu ɗab'i, su dubu suke bugawa. A karɓi kafin alƙalami da zai rufe kuɗin kaya, domin kati mai sunan wani ba ya sayuwa ga wani. A kuma faɗa tun farko cewa canjin suna ko rana bayan an amince da samfuri kuɗinsa daban, tunda ɗaga biki ba sabon abu ba ne.

Wajen aikawa, kowane kati ya shiga ledarsa, a haɗa su tsakanin kwali biyu masu tauri, a sa a ƙaramin akwatin kwali, a cike gurbin da takarda don kada su yi ta kai-komo. Masu tudu a jera su a tsaye, ba ɗaya kan ɗaya ba. Idan ta tasha za a bayar, a naɗe akwatin da leda saboda ruwa, a rubuta a kai cewa kada a ɗora masa kaya, a kuma roƙi direba ya ajiye shi a gaba maimakon but.